Tagullar Gwaggo Shatu

Gwaggo Shatu ta iso Makka da ƙunshin daddawa da na kuka, da akwatin ƙarfe, da wata 'yar tagulla da ta rataya a wuya da baƙin zare. Tagullar ba ta kai tafin hannun jariri ba. An buga mata lamba a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma jinjirin wata. Ko wanka za ta yi ba ta cire ta.

"Laya ce, Gwaggo?" Saudatu, 'yar ƙaninta, ta tambaye ta ranar da ta sauka a gidansu, tana zuba mata shayi.

"Ta fi laya, 'yar nan. Ciwona ne na biya tun daga gida."

Sai ta gyara zama ta ba su labari. Ejan ɗin da ya yi mata takardun jirgi a Kano ya ce bayan kuɗin jirgi da na masauki akwai kuɗin jinya, wanda Nasara ke ce wa inshora. Duk wanda ya biya, in ciwo ya kwantar da shi a ƙasa mai tsarki, za a ɗauke shi a motar marasa lafiya a kai shi asibiti. In kuma ranar Arfa ta riske shi a kwance, a kai shi Arfa a kwancen. Saniya ɗaya ta rage mata bayan ta sayar da gona, ita ma ta sa aka kai ta kasuwa.

"Na ce ba zan je in zame wa 'ya'yan Garba kaya ba," in ji ta.

Garba ƙaninta ne. Ya bar Kazaure a ƙafa tun yana saurayi, ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Sudan, can ya auri Rabi, sannan suka tsallako teku. Ya rasu bai sake ganin gida ba. Ya bar Rabi da 'ya'ya biyu, Mukhtaru da ƙanwarsa Saudatu, a wani gida na dutse da buɗaɗɗen gwangwanin kananzir a kan tudun unguwar Tandabawi a Makka. Mukhtaru ɗaukar shibriyya yake yi a Harami, wato gadon katakon nan da mutum huɗu ke ɗauka a ka su yi wa tsoho ko gurgu ɗawafi. Saudatu ɗinkin hula take taya uwarta. Larabci ya fi zama a bakinta, kuma ko da Larabcin ba mai yawan magana ba ce.

Kowane alhaji da ya sauka Jidda akwai muɗawwif da ake rubuta shi a hannunsa. Shi ke ba shi masauki, ya yi masa jagora, ya kai shi Mina da Arfa. Muɗawwifin Gwaggo yana da dogon gida a unguwar Shubaika, kuma ba ya jin Hausa ko ta gaisuwa. Wakilinsa ne ke komai, wani Abdulganiyyu, haifaffen Tandabawi, ɗan Maryama mai ƙosai. A gaban Garba ya yi karatun allo, a akushin Rabi ya ci tuwo. Yanzu yana ɗaura agogo, yana yafa farin mayafi a kafaɗa. Shi ne kuma ke tura wa Mukhtaru tsofaffin da zai ɗauka.

Da Mukhtaru ya sami labarin isowar gwaggonsa ya je Shubaika, ya tarar da ita a wani ɗaki na hawa na uku, mata sun jeru tabarma na taɓa tabarma, ba inda mutum zai miƙe ƙafa bai shuri wata ba. Ransa ya ɓaci. Yayar ubansa, da ta yi goyon ubansa, ta kwana a ɗakin haya cikin baƙi, su suna garin? Me zai ce wa mutanen unguwa? Nan take ya ɗauki akwatinta.

Abdulganiyyu bai hana ba. Har taya shi sauko da ƙunshin daddawar ya yi, yana cewa, "Masha Allah, zumunci ke nan. Allah ya yi albarka." Ba wanda ya tambaye shi komai, shi ma bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Aikin hajji ya faɗo tsakiyar zafi a shekarar. Gwaggo ba ta yarda da sallah a gida. Ta ce ba ta sayar da gona don ta yi sallah a bayan gwangwani ba. Kullum sai ta gangara Harami ta hauro, Saudatu na biye da ita da buta. Ana saura 'yan kwanaki a fita Mina, suna gangarawa sallar la'asar, mai ruwa ya wuce da garwa biyu a sanda, ruwa ya fantsama a kan matakalar dutse. Gwaggo ta taka. Saudatu ta ji ƙarar kafin ta ga faɗuwar.

Ƙashin cinya ne. Wani mai ɗori Babarbare ya zo ya ɗaure da tsinken dabino da tsumma, ya ce kada ta zauna, kada ta lanƙwasa, a kwance kawai. Gwaggo ta ciji bakin zane har aka gama ba ta yi kuka ba. Da ya fita sai ta laluba wuyanta ta kama tagullar.

"Alhamdu lillahi da na biya," ta ce. "Ku kira yaron nan."

Abdulganiyyu ya zo da safe. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Rabi yana ce mata Inna kamar da. Ya ce wa Gwaggo, "Salamat, ya Hajja, Allah ya sa kaffara ne." Ya sha shayi kofi biyu. Saudatu na daga bakin labule tana ganin yadda idonsa ke kauce wa tagullar, duk da Gwaggo ta fito da ita ta ɗora a kan ƙirji.

"To, ɗana," in ji Gwaggo, "ga ni na kwanta. Ka san ranar da za ka turo motar."

Ya ajiye kofin a hankali. "Hajja, a ina kika faɗi?"

"A matakalar nan ta wajen gidan mai gawayi."

"Daga wane gida kika fito?"

"Daga wane gida kuwa? Daga nan."

"To, shi ne matsalar." Ya buɗe tafukansa. "Nizami, wato dokar wurin nan, ya ce motar is'af, ta marasa lafiya, daga gidanmu take ɗauka. Wanda ke kwana a ƙarƙashin rufinmu, shi ne a wuyanmu. Wanda danginsa suka ɗauke, ya koma wuyan danginsa."

Rabi ta tsaya da butar shayi a hannu. "Sake faɗa in ji."

"Inna, ba ni na tsara ba."

"Ranar da Mukhtaru ya ɗauko ta kana ina?"

"Ina nan."

"Bakinka ciwo yake yi a ranar? Kai ka riƙo mata daddawa har ƙasa kana sa albarka!"

"Ba a tambaye ni ba, Inna. Kuma in na ce kada ya ɗauke ta, ai cewa za ku yi ɗan Maryama ya hana zumunci."

"Ejan bai ce mini sai a wane ɗaki zan karye ba," in ji Gwaggo. Muryarta ba ta tashi ba. "Cewa ya yi in na kwanta a ƙasa mai tsarki. Nan ba ƙasa mai tsarki ba ce?"

"Ejan yana Kano, Hajja. Ni ina Makka." Ya miƙe yana gyara mayafi. "Amma tunda ku ne, in kuna son hayar motar, zan yi wa direba magana ya rage muku."

Da ya faɗi kuɗin, bayan ragin, Mukhtaru ya yi dariyar da ba ta daɗi ba. Ya fi abin da yake samu a aikin hajji guda, wanda da shi gidan ke cin shekara.

"Saniyar fa?" Gwaggo ta tambaya. "Ina ta tafi?"

Abdulganiyyu yana sa takalmi. Ya ce, "Ma'alesh, sai haƙuri, ya Hajja," ya fita.

Mukhtaru ya yi yawo har ƙafarsa ta kumbura. A asibiti gadaje sun cika da waɗanda rana ta buga, har a baranda mutane ke kwance. A tashar Jarwal direbobi suka dube shi kamar ya zo roƙo. Kowace mota an riga an kama ta tun watan jiya, wanda ya yarda zai ɗauki mai kwance kuwa kuɗin kujera takwas ya nema. Ya tambayi abokan ɗaukarsa ko za su kai ta a ka. Suka ce da ransu, amma duk sun karɓi kuɗin aiki a hannu, shi ma ya karɓa. Washegari da asuba Abdulganiyyu zai tura su Mina kafa tantuna.

"Gidan masu ɗaukar mutane," in ji Rabi, "an rasa mai ɗaukar tamu."

Ba wanda ya faɗi abin da kowa ya sani. Arfa ita ce hajji. Wanda ya kai can ko a kwance ne ya samu, wanda bai kai ba kuwa sai wata shekara. Gwaggo ba ta da wata gonar, ba ta da wata saniyar, kuma ta haura saba'in.

Mukhtaru ya tafi Mina kansa a sunkuye. Kafin ya fita ya tsuguna gaban gadon ya ce, "Gwaggo, ni na ja miki." Ta dafa kansa ta ce, "Kai ka yi abin da ubanka zai yi. Tashi ka tafi aikinka."

Ranar takwas ga wata gari ya waye da ƙarar motoci da talbiyya daga kowane lungu. Mazan Tandabawi duk sun watse, wasu Mina, wasu Harami. Sai mata da yara da tsofaffin da ba sa iya fita. Gwaggo ta sa Saudatu ta goge mata jiki, ta sa mata farin zanen da ta zo da shi daga gida. Ta yi niyyar hajji a kan gadon, da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Rabi ta leƙo daga madafa.

"Yaya, niyya kuma? Da me za ki je?"

"Yaron nan cewa ya yi daga gidansu mota take ɗauka, ko?"

"Haka ya ce."

"To, ku mai da ni gidansu."

Rabi ta dube ta, ta dubi gadon. Gadon igiya ne irin na Sudan, wanda Garba ya ɗaure da hannunsa, ba nauyi gare shi ba. Ta kwance ɗankwalinta ta sake ɗaurawa tamau, ta leƙa ta katanga.

"Hadijatu! Asiya! Ku bar wankin nan ku zo."

Hadijatu mai sayar da waina ce, ƙaƙƙarfa, muryarta ta fi jikinta. Asiya matar mai gawayi ce, a ƙofar gidanta aka faɗi, tun ranar take jin kamar laifinta ne. Suka naɗa gammo. Rabi da Hadijatu suka kama gaba, Saudatu da Asiya baya. Saudatu ta sha ganin yayanta yana wannan aiki, ba ta taɓa sanin haka ƙafar gado ke nutsewa a tsakar kai ba.

Matakalar ce ta fi wuya. Na gaba sai sun ɗaga hannu sama, na baya sai sun rusuna, don kada Gwaggo ta zame. Duk taku ɗaya igiyoyin gadon su yi ƙara, Gwaggo ta ja numfashi ta haƙora, sannan ta ce, "Labbaika."

"Ke Asiya, a hankali, ba buhun gawayi ba ne!" in ji Hadijatu.

"Ai buhun gawayi ba ya ba da umarni," in ji Asiya tana haki.

"Ina jin ku," in ji Gwaggo daga sama.

A titi mutane suka riƙa matsawa. Wasu suka zaci gawa ce suka fara salati, sai suka ga mata ne ke ɗauke, kuma gawar tana talbiyya. Wani Balarabe Bahadrame mai kanti ya fito ya tsaya baki buɗe. Zufa ta jiƙa lulluɓin Saudatu har ba ta gani sosai, ƙafar Rabi kawai take bi. Ba ta taɓa shiga taro ido ya yi mata yawa haka ba. Da ƙasa za ta buɗe da ta shige, amma gadon na kanta.

A ƙofar gidan Shubaika manyan motoci biyu na tsaye, alhazai cikin harami suna miƙa kaya sama. A gefe, a inuwar katanga, ga wata farar mota ƙarama mai jinjirin wata ja a jiki, irin na tagullar. Labulen tagoginta a sauke.

"A ina za mu sauke?" Hadijatu ta tambaya.

"A bakin ƙofa," in ji Rabi. "A gicciye."

Suka sauke gadon ya tare ƙofar daga wannan gefe zuwa wancan. Masu fitowa da tukwane da buhunan shinkafa suka yi cirko-cirko a zaure. Ba a jima ba sai ga Abdulganiyyu ya ratso su, takarda a hannu, fensir a kunne.

"Inna! Haba, Inna, mene ne haka? Ku ɗauke, mutane za su wuce!"

"Na dawo, ɗana," in ji Gwaggo. "Ga ni ƙarƙashin rufinku. A kai ni tabarmata in ɗan huta kafin motar ta tashi."

"Hajja, ba haka ake yi ba."

"Yaya ake yi? Na biya ɗaki har ƙarshen aikin hajji. Hawa na uku, jikin taga. Ko ba na nan?"

Wata mata mai tsagar Kabawa da ke tsaye da ƙullin kayanta ta matso. "Jikin taga a hawa na uku? Ai ni ce a wurin. Da na zo aka ce gida ya cika, sai wannan ya ce wuri ɗaya ya samu, in ƙara kuɗi." Ta nuna Abdulganiyyu da haɓa. "Sunana Zainabu, daga Argungu. Baiwar Allah, wurinki ne?"

"Da nawa ne."

Hayaniyar lodi ta ragu. Wani dattijo mai farin gemu, wanda 'yan ayarinsa ke kira Malam Lurwanu, ya sauko daga matakin babbar mota. Ya tambayi abin da ya faru, Hadijatu ta ba shi labari da muryar da har na saman mota suka ji. Da ta kai kan tagulla, dattijon ya sa hannu cikin haraminsa ya zaro tasa. Na kusa da shi ma ya zaro. Kafin a jima rabin mutanen da ke wurin kowa na riƙe da 'yar tagulla yana juya ta kamar yau ya fara ganinta.

"Yaro," in ji Malam Lurwanu, "ni ma na biya wannan. In na faɗi a Mina, Mina ƙarƙashin rufinku take ko a'a? Gara in sani tun yanzu, in san inda zan faɗi."

Wasu suka yi dariya. Abdulganiyyu bai yi ba.

"Ya jama'a, ku bar jin maganar mata. Ko na so in ɗauke ta, ba wuri. Akwai mara lafiya a motar, jikinsa ya yi tsanani, shi ya sa aka sauke labule. Ku hau mu tafi, rana tana yi."

Mutane suka fara duban juna. Wasu suka juya wajen motocinsu, don ba mai son a bar shi a baya a rana irin wannan.

Saudatu tun isowarsu ba ta ɗaga kai ba, don haka ƙasa take kallo. A ƙarƙashin ƙofar baya ta farar motar ruwa na ɗiga, ɗis, ɗis, ya yi 'yar hanya a cikin ƙura. A bakin ƙofar kuma ga ɓuntun katako ya manne, irin wanda masu sayar da ƙanƙara ke barbaɗawa. Direban na zaune a gaba yana shan taba, ba alamar mai jiran mara lafiya a tare da shi.

Ta taɓa gwiwar hannun uwarta. Maganar ta fito da ƙyar.

"Umma, motar tana zuba."

"Me?"

"Ruwa. Ga ɓuntu."

Rabi ta duba. Ta taka ta isa motar, ta kama mariƙin ƙofar baya ta finciko.

Sanyi ya bugo fuskokin na kusa. Manyan sandunan ƙanƙara ne naɗe cikin buhuna, an jera su har rufi. A gefe akwatunan lemon kwalba. A kan gadon mara lafiya kuwa, wanda aka shimfiɗa wa farin ƙyalle, kankana ce a jere, an tare ta da matashi don kada ta gangaro.

"Sannu da jiki," in ji Hadijatu, tana duban kankanar. "Allah ya ba da lafiya."

Dariyar ba ta daɗe ba ta koma wani abu dabam. Kowa ya san abin da kofin ruwan sanyi ke kaiwa a Mina, kowa kuma ya san mota mai jinjirin wata ba a tsayar da ita a hanya. Wani saurayi daga saman mota ya ce saniyar uwarsa ma tana cikin wannan ƙanƙarar. Malam Lurwanu ya zauna a kan akwatinsa a tsakiyar titi ya ce shi ba inda za shi sai ya ga an sa matar nan a motar da ta biya. Mutanensa suka fara sauko da kayansu.

Abdulganiyyu ya matso kusa da Rabi, ya rage murya, ya koma Larabci don kada baƙi su ji. Saudatu ta ji, Gwaggo ma ta gane daga fuskarsa.

"Inna, ki yi tunani. Kayan nan ba nawa ba ne ni kaɗai. In kika sa aka sauke su, wallahi Mukhtaru ba zai sake ɗaukar alhajinmu ko ɗaya ba. Ba bana ba, ba baɗi ba. Kuma zan gaya wa sauran wakilai."

Saudatu ta san abin da uwarta take gani: buhun gero, kuɗin mai ruwa, hayar filin da gidan ke kai. Rabin tsofaffin da Mukhtaru ke ɗauka daga wannan ƙofa suke fitowa.

"Me ya ce?" Gwaggo ta tambaya. "Rabi, in abincin Mukhtaru zai taɓa, ku ɗauke ni mu koma. Allah ya ga niyyata."

Rabi ta juyo ta dubi Abdulganiyyu tun daga agogo har takalmi. Da Hausa ta amsa masa, da ƙarfi.

"Ka ce za ka hana ɗana aiki don na buɗe motar marasa lafiya na ga kankana. Faɗa musu da Hausa mana, su ma su ji. Kai Ganiyyu, ni na wanke maka kai lokacin da ƙuraje suka hana ka sa hula. Mijina ya koya maka alifun da kake rubuta sunayen mutane da shi kana sayar da tabarma ɗaya sau biyu. Kan Mukhtaru ba kai ka ba shi ba. Ku sauke kayan nan!"

Ba a jira shi ba. Alhazai suka yi layi, sandunan ƙanƙara suka riƙa wucewa daga hannu zuwa hannu ana jinginawa a katanga. Direban ya fito yana ihu da Larabci, ba mai jin sa. Aka bar sanduna biyu a ciki bisa shawarar Asiya, ta ce ai mai karaya tana son sanyi. Matan huɗu suka ɗaga Gwaggo da tabarmarta, suka zura ta a kan farin ƙyallen.

Rabi ta tura Saudatu. "Shiga ki riƙe mata ƙafa."

Abdulganiyyu ya sa hannu ya tare ƙofar. Ko a lokacin bai haƙura ba. "Mai jinya kuɗinta dabam. Wannan ba ta da tagulla."

"Ni ina da ita," in ji Zainabu ta Argungu. Ta ture hannunsa ta hau da ƙullinta. "Na kwana a wurinta, yau sai in zauna a gefenta. Yarinya, je ki, zan kula da ita kamar uwata."

Gwaggo ta kama yatsun Saudatu ta matse. Aka rufe ƙofa. Malam Lurwanu ya sa direban babbar motarsu ya biyo farar a baya, don kada ta ɓace a hanya. Suna tashi talbiyya ta cika titin.

Matan suka ɗauki gadon, ba kowa a kai, suka hau tudu. A bayansu Abdulganiyyu na rarraba ido yana neman mai amalanke, ƙanƙara na tsiyaya a gindin katanga, yaran unguwa sun kewaye ta da kwanoni.

Gwaggo ta yi Arfa a kwance a bakin tanti, fuskarta na duban dutsen. Bayan salla Mukhtaru da abokansa uku suka ɗauke ta a shibriyya suka yi mata ɗawafi da sa'ayi, ba wanda ya karɓi ko kwabo. Bai sake samun aiki daga gidan Shubaika ba a wannan shekara. Abdulganiyyu ya cika alkawarinsa, har wakilai biyu na maƙwabta suka daina kiran Mukhtaru. Ya koma tsayuwa a ƙofar Harami yana jiran wanda Allah zai kawo, wata rana ya samu, wata rana ya dawo hannu sake. Tuwon dare ya koma kunu a gidan.

Ana cikin haka wata rana da hantsi sai ga direban farar motar ya hauro matakala yana haki. Ya tsaya a ƙofa ya ce Abdulganiyyu ne ya aiko shi. Ƙanƙarar da ta narke a Shubaika, an yi lissafi, kuɗinta na kan gidan nan.

Saudatu ta fassara wa Gwaggo. Gwaggo ta yi dariya har ƙafar ta motsa ta ce wash.

"Rabi, ɗebo masa ruwa a tulu ya kai musu. Ai abin da ta zama ke nan."

"Ruwan da nake saye garwa-garwa?" in ji Rabi. "Ko ɗigo ba zan ba su ba. Malam, ka gaishe shi. Ka ce in yana son kuɗinsa ya zo da kansa, ya zo da uwarsa Maryama, a yi lissafin a gabanta."

Direban ya juya ya gangara, yana taka matakalar a hankali.

Da yamma Saudatu na shafa wa Gwaggo man zaitun a ƙafar mai lafiya, ta ga baƙin zaren ya yi datti, ya fara cin wuyan tsohuwar.

"Gwaggo, in cire miki wannan? Ai an gama."

Gwaggo ta dafe tagullar da tafinta.

"Bar ta. Akwai hanyar Jidda a gaba, kuma a kwance zan je. Gobe ki kira mini su Hadijatu."